Buzuzun da Ba Ya Yankuwa

Zakin da na fi so cikin duk zakunan da na zana, ni na binne shi da hannuna, da shuɗin fenti, a bayan tashar Kaura Namoda.

Sana'ata zanen mota. In kafinta ya gama haɗa wa babbar mota bodin katako, ni ake kira in ƙawata ƙyauren baya, don wanda aka wuce a hanya ya samu abin kallo yayin da yake shan hayaƙi. Na zana zakuna da damisa da gaggafa, na zana 'yan dambe masu damtse kamar turmi. Boko kuwa a aji uku na tsaya, shi ma sau biyu na yi shi, don malamin ya ce bai gaji da ganina ba. Abin da na fito da shi daga makaranta shi ne sanin cewa alli yana kama bango, bulala kuma tana kama mai allin.

Da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, motoci suka yawaita, har na fara ajiye tumbi. Sai aka zo ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Na je, a bayan wata mota da ni na zana mata damisa, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma har gobe ban yi nadamar kabbarar nan ba. Abin da ban zata ba shi ne za ta biyo ni gida har cikin gwangwanin fenti.

Ba wanda ya zo da dorina ya ce a goge komai. Wa'azi ne ya yawaita, ana tunasar da mutane cewa wanda ya zana abu mai rai, ranar gobe ƙiyama za a ce ya hura masa rai. Masu motoci suka shiga taitayinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu wani Alhaji ne mai jigilar hatsi da albasa tsakanin Kaura da Shinkafi, wanda motarsa ke ɗauke da zakin nan nawa. Zaki ne mai jar geza, ya ɗaga ƙafa ɗaya, idonsa yana bin mutum duk inda ya koma. Saboda shi ake ce mini Mai Zaki, har sunana na yanka ya ɓace.

"Mai Zaki, sai haƙuri," in ji Alhaji. "Ka ruhe shi."

"Alhaji, zakin ga ko akuya bai taɓa ci ba."

"Na sani. Amma ba ni za a ce in hura mishi rai ba, kai ne. Taimakonka nika yi."

Na rufe shi. Ido na bari a ƙarshe, shi ma na rufe. Alhaji ya tsaya yana kallon shuɗin ƙyaure kamar bangon asibiti, na ga shi ma abin bai yi masa daɗi ba.

"Ga shawara," ya ce. "Na bar maka ƙyauren ga har kaka, lokacin da mota za ta fara jidar gero. In ka samo abin da ba shi da rai, amma in mota ta wuce mutum ya waiwayo, naka ne. In ba ka samo ba, in sa a rubuta Sai Haƙuri da farin fenti, kowa ya huta."

Sai Haƙuri. Rubutun da ko ɗan kamasho zai iya yi da tsinke. Na ce a raina, in aka rubuta wannan a kan kabarin zakina, to ni ma an binne ni.

Na gwada furanni, Alhaji ya ce zanen gado ne. Na gwada adon hula, daga nesa ya zama kamar ƙazuwa. Damina ta sauka, gero ya fara rufe kaza a gonakin ƙauyen Banga, ni ba ni da komai sai shuɗin ƙyaure.

Ana cikin haka Bayarabena ya aiko kirana. A Kaura aka haife shi, ubansa ya biyo jirgin ƙasa ya zo, shi ma ya yi akawu a tashar jirgi har jirgin ya fara yi mana rowar zuwa. Da sabuwar jiha ta zo da yawan takardu, sai ya sayo tsohuwar kwamfuta ya buɗe shagon buga takardu kusa da kasuwa. Ni Bagobiri ne, daga Shinkafi, da zubena cike da kumatu. Tsakanin Bagobiri da Bayarabe kuwa wasa ne tun kakanni: yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har yau ba a samu alƙalin da zai raba gardamar ba. Allon shago yake so in rubuta masa.

"Bawa, shigo ka sha iska," ya ce. "Amma kada ka jingina fuskar ga da bango, yanzu na yi fenti, kada ta karce shi."

"Ai da hannu nika aiki, ba kamar ku ba da sai kun ci barkono kwakwalwa ke tashi."

Ina auna allo sai idona ya kai kan gilashin kwamfutar. Wani abu na sauka daga sama, layi bayan layi, kamar masaƙi yana fitar da zane. Baƙin abu ne a tsakiya, mai babban ciki da ƙaramin kai, gefensa kuwa wuta ce ke ci: ja, ruwan goro, shuɗi, kowanne na shiga cikin ɗan'uwansa. Na ajiye ma'auni.

"Mi ne ne wanga?"

Ya faɗi sunan da Turanci, ni kunnena ya ji kamar tarakta. Ya ce a cikin kwamfutar ya tarar da shi, mai ita na farko ya bari.

"Wa ke zanawa a ciki?"

"Lissahi. Lamba ake ɗauka a ninka ta da kanta, a ƙara mata wani abu. Abin da ya hito a sake maida shi tukunya, a ninka, a ƙara. Haka dai, ba tsayawa."

"Ashe ɗumame ne."

"Ɗumame ne, bawa. Zo ka ga abin mamaki."

Ya kama ɗan abin nan mai wutsiya da suke ce wa ɓera, ya ja ɗan akwati a gefen baƙin abin, wurin da bai kai ƙwayar gero ba, ya danna. Gilashi ya share, saƙa ta sake saukowa. Ƙwayar geron nan ta cika gilashi, ga rassa, ga murɗe-murɗe, ga wasu launuka da ba su nan ɗazu. Ya sake jan akwati a cikin wannan, ya danna. Wata duniyar ta sake fitowa.

"Ina ƙarshensa?"

"Ba shi da shi."

"Kai dai ragwanci ya hana ka kaiwa."

Ranar ban rubuta allo ba. Na zauna a benci har la'asar, zuciyata na faɗa mini: ba mutum ba ne, ba dabba ba ne, kuma ga ni na kasa ɗauke ido. Abin da Alhaji ya ce in samo ke nan.

Muka yi sharaɗi. In rubuta masa allo, in yi wa shago fenti ciki da waje, in kuma jure bakinsa, shi kuma ya bar mini kwamfuta tsakanin azahar da la'asar, lokacin da masu takardu ke gida. Ban iya karanta Turancin da ke rubuce a gilashin ba, sai na haddace wuri: na uku daga sama shi ke canza launi, na ƙasansa shi ke mayar da kai baya in ka ɓace. Ɓeran nan ya ba ni wuya. Hannun da ya ja gezar zaki gashi ɗaya-ɗaya, sai ga shi ya kasa kai 'yar kibiyar da ke gilashi inda ake so. Na ɗaga ɓeran sama ina kaɗawa, Bayarabe ya yi dariya har ya sarƙe da ruwa. Wani lokaci saƙa ta kusa kai ƙasa sai a ɗauke wuta, komai ya tafi. In zauna in jira, in sake daga fari. Ban taɓa fushi ba sai sau da yawa.

Na sa masa suna zane mai haihuwa, don duk inda ka taɓa sai ya haihu.

Bugawa kuma wani yaƙi ne daban. Firinta na fitar da takarda kamar ana jan akuya zuwa mahauta, ta yi gaba kaɗan ta tsaya ta yi kuka. Takardar ta fito jiƙe, baƙin cikin nan ya sha tawada har ta yamutse. Launin da ke haske a gilashi, a takarda sai ya yi sanyi kamar an wanke shi. Na ɗauko ta a tafin hannu biyu kamar ƙosai mai zafi, ina kare ta daga gumina, don ɗigo ɗaya ya isa ya mayar da ja da shuɗi kunu. Haka na kai wa Alhaji ta farko a garejinsa.

Ya sa tabarau, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Mai Zaki, daga zaki sai buzuzu?"

"Wane buzuzu, Alhaji?"

"Ga ciki, ga kai, ga ɗan tsinken da yake tura kashin shanu da shi. Ai ko makaho ya shafa ya san buzuzu ne."

Na karɓa na duba. Wallahi buzuzu ne. Duk kwanakin nan ina kallonsa ban gani ba, yanzu kuwa na kasa ganin komai sai shi.

Na koma na shiga ta tsakanin kai da ciki, inda akwai murɗe-murɗe masu kyau. Na buga na kai. Alhaji ya ce wutsiyar hawainiya ce, jere guda. Na koma na shiga ta gindinsa, na buga na kai. Ya ce giwaye ne sun yi layi, kowace ta naɗe hanci. Idon mutumin nan, ko a cikin kunu sai ya ga dabba. Kafin nan gero ya fitar da kai, tawadar ruwan ɗorawa ta ƙare a firinta, Bayarabe na cewa zan ƙarar masa da shago a kan kiwon ƙwari.

Mai ɗakina ce ta kawo dabara. Tun da wa'azin nan ya fara, ta bi duk abin da ke ɗakinta mai hoton halitta ta yanka. Tsuntsayen kalanda, kifin da ke jikin faranti, har zakaran da ke kan gwangwanin da take zuba gishiri, kowanne ta ja masa jan layi a wuya. Haka mata da yawa suka yi a unguwarmu. In an yanka ya mutu, abin da ya mutu kuwa ba a neman ransa wurin kowa. Ta ga na zauna a tabarma da takardar buzuzu na yi tagumi.

"Malam, mi ya hana ka yanka shi?"

Na dube ta. Shekara da shekaru muna tare, ban san da malama nake zaune ba. Na ari jan bironta, na fuskantar da buzuzu gabas don kada a ce mushe ne, na ja masa layi a wuya. Da safe na tafi gareji ina taku kamar na ci dambe.

Alhaji ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga kam ka yanka shi, Allah ya karɓa. To ɗiyansa?"

"Waɗanne ɗiya?"

Ya nuna da farce. Jikin buzuzun duk ƙuraje ne zagaye, manya da ƙanana, kuma kowane ƙurji in ka lura yana da ɗan cikinsa, da ɗan kansa, da ɗan wuyansa. Na samu wata tsohuwar taya a inuwa na zauna, na fara yanka. Na yanka manya, na koma matsakaita. Na ga kowane ɗa yana goye da nasa ɗiyan, na bi su. Ko mahautan Kaura ranar layya ba su yi aikin da na yi ba. Biro ya ƙafe, takarda ta huje, idona na ruwa, makanikai na wucewa suna ce mini sannu da aiki, sarkin fawa.

Na kai wa Bayarabe takardar don ya sake buga mini babba, in samu wurin sa wuƙa. Ya kalli jajayen layukan, ya kalle ni, ya kwanta a kan benci yana riƙe ciki.

"Bawa, zo in nuna maka garken da ka ɗauko."

Ya ja akwati a kan ɗan ƙaramin da na yanka na ƙarshe, wanda bakin biro ya fi shi girma. Ya cika gilashi, jikinsa duk ɗiya. Ya fita can nesa, kan wani siririn zare da ba komai a kansa, ya danna, ya sake dannawa. Sai ga cikakken buzuzu zaune a tsakiyar zaren, sabo fil, wuyansa lafiya lau.

"Ko duk Gobir ta taru da wuƙaƙe, ba ku gamawa har a busa ƙaho," ya ce. "Ka bari a rubuta Sai Haƙuri. Ai ya dace da kai."

"Bayarabe ya ce in bari? To yanzu na fara."

Abin da na gane ranar shi ne na yi ta zagaye jikin buzuzun kamar ƙuda, alhali ga fili can waje. Sai na bar jikinsa, na bi zarurrukan da ke fita daga kawunan ɗiyan, masu kama da walƙiya. A can ba ciki, ba kai, ba wutsiya. Rassa ne kawai, kamar yadda ƙoramu ke tsaga yashi bayan ruwa ya ɗauke a hanyar Zurmi. Na yi ta yawo a wurin, azahar bayan azahar, har aka fara yankan gero. Wata rana na faɗa wani wuri da zuciyata ta tsaya. Layuka ne suka taso daga ɗigo ɗaya suka bazu kamar mafici, kowane layi ya je gaba ya haifi nasa maficin. Kusa da shi ga wani irinsa, sun juya wa juna baya. Ban san dalili ba, na ji kamar na taɓa saninsu. Na zaɓi launin da gwangwanayena za su iya amsawa, ja da fari a kan shuɗi, tun da ruwan ɗorawa dai ya ƙare. Na ce a buga.

Alhaji ya juya takardar sama, ya juya ƙasa, ya nisanta ta, ya kusanta ta har ta taɓa hanci.

"Saiwa ce, ko walƙiya. Ban ga mai numfashi ba."

"Alhaji, gaskiya guda: in aka shiga can ciki da kwamfuta, akwai buzuzu."

"Ni ƙyaure na ba ka, ba kwamfuta ba. Abin da ke kan katako shi za a tambaye mu."

Na tsaga takardar da layukan fensir gida-gida, na tsaga ƙyauren da alli, na kwashe zanen gida bayan gida. Buroshi ba ɓera ba ne. Na yi kaka, na yi uba, na yi ɗa, jika kuma da gashin jelar akuya da na ɗaure a tsinke na yi shi. Tattaɓa-kunne na bar wa Allah. Ina aiki ina jin zakin a ƙarƙashin shuɗin, amma ban yi masa magana ba.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, aka fito da mota tasha an yi mata lodin sabon gero. Masu dako suka tsaya da buhu a ka. Wata mai fura ta wuce, ta waiwayo, ta dawo. Alhaji na gefe yana gyara hula, na ga haƙoransa a waje. Sai ga Bayarabe ya rufe shago ya zo ganin abin da tawadarsa ta haifa. Ya tsaya ya karkata kai. Na ga yana ƙirga layukan da yatsa, na wannan mafici, sannan na wancan. Ya juyo ya kalli kumatuna. Sai ya fara dariyar nan tasa.

"Alhaji, an cuce ka. Shida nan, bakwai nan, duk sun taru wuri guda kamar a gefen baki. Bawan ga fuskarsa ya zana maka."

Na shafa kuncina, yatsuna suka bi zuben da wanzami ya yi mini tun ban san kaina ba. Shida a nan, bakwai a can. Ashe abin da na ji na sani ke nan. Na yi yawo cikin lissafin Turawa har inda ƙafa ba ta zuwa, na dawo da fuskar ubana.

Alhaji ya sa tabarau. Ya dubi ƙyaure, ya dube ni, ya sake duban ƙyaure. Na fara jin ƙamshin farin fenti.

"Ina ido?" ya ce.

"Babu," in ji Bayarabe.

"Hanci? Baki?"

"Babu. Amma in kana shakka, Alhaji, abu mai sauƙi ne. A yanka mai fuskar."

"Bagobiri bai yankuwa," in ji Alhaji. "Wuƙa ta gaji da shi tun ranar suna. Direba, tada mota."

Motar ta fita tasha, na bi ta da ido har kwana, ina ƙirga masu waiwaye har na rasa lissafi. Daga baya direban ya ce mini a Shinkafi mutanenmu sun gane tun kafin ya kashe inji, suna ce mata motarmu, wasu tsofaffi har shafa ƙyauren suke yi.

Ban daina zuwa shagon ba bayan nan, ko da ba ƙyauren da ke jirana. Azahar ta yi, in kama ɓera in shiga yawo, in na ga wurin da ya yi mini in ce a buga, Bayarabe ya yi ƙorafin tawada ya buga. Bangon zaurena ya cika da su, wasu sun koɗe, wasu damina ta lasa. Duk wadda na kawo, mai ɗakina sai ta fara karɓa ta kai bakin ƙofa wurin haske, jan biro a hannu, tana neman wuya.